Yadda na nemi diyyar ciwon ƙugu bayan na ajiye kakin sojan Amurka

Lokacin da na ajiye kaki a shekarar 2012, abubuwa biyu aka rubuta a matsayin lahanin da aikin soja ya bar mini: gwiwar dama, da wata ƙara da ba ta barin kunnena dare da rana. Kowanne aka ba shi kashi 10 cikin 100 a ma'aunin lahani da ake biyan diyya da shi, aka haɗa suka zama 20, ana turo mini abin da ya samu duk farkon wata. Ƙugu ba ya cikin lissafi, domin a lokacin lafiyarsa ƙalau.

Ni mutumin Kano ne. Bizar caca ce ta kawo ni Amurka, na shiga soja a 2004, na yi horon laima na mako uku a Fort Benning da ke jihar Jojiya, sannan aka tura ni runduna ta 82 ta sojojin laima a Fort Bragg. Na je Iraƙi na dawo ko ƙwarzane babu. A gida, wajen atisaye, gwiwar ta samu matsala. Dirar dare ce, ga kaya a jiki, iska ta kwashe ni na sauka a kan ƙafa ɗaya. Aka yi mini aiki a guringuntsin gwiwa, aka ba ni takardar sassauci, na ci gaba da aiki har wa'adina ya cika. Amma tun daga ranar tafiyata ta canza. Ina jingina nauyina a hagu don in sauwaƙa wa dama, har abin ya zame mini jiki.

Bayan na bar soja na koma tuƙin tirela a jihar Ohayo. Shekaru suka ja, sai wani ciwo ya fara a matsematsin hagu yana gangarowa gaban cinya. Da farko wajen hawa da sauka daga kan mota nake jin sa. Daga baya sa safa ya zama aiki, tsugunno ya gagara, in na kwanta a gefen hagu sai ciwon ya tashe ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sallah. Zaman tahiya ya fi ƙarfina, tasowa daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu na daɗe ina lallaɓawa. Ranar da na fara jawo kujera a masallacin Juma'a, na zauna a gefen dattawan da suka haife ni alhali shekaruna ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, ranar na san lamarin ya wuce a sha magani a yi shiru.

Likitar ƙashi ta ɗauki hoto, ta nuna mini inda kan ƙashin cinya yake shiga mazauninsa a kwatangwalo. Ratar da ya kamata a gani tsakaninsu ta tsuke, guringuntsin ya zaizaye. Amosanin gaɓa ne, in ji ta. Sai ta sa na yi tafiya a baranda, in je in dawo, tana kallo. Da na zauna ta tambaye ni shekara nawa na yi ina ɗingishi haka. Na ce tun ina soja. Ta rubuta.

Wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke sallah tare, wanda ya yi aikin sojan ruwan Amurka tun kafin in zo ƙasar, shi ya tsare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Saje, wannan ba na zama ba ne. Ka je ka ga wakili." Na ce masa, Baba, ai ƙugun ba a soja na ji ciwonsa ba. Ya ce in dai je.

Wakilin da yake nufi ma'aikacin ƙungiyar DAV ne, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da doka ta amince su tsaya wa mutum a gaban Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA. Akwai VFW, akwai American Legion, kuma dukkansu ba sa karɓar ko sisi. Na sa hannu a fom mai lamba 21-22 na naɗa su wakilaina. A zaman farko ya fahimtar da ni abin da ban taɓa sani ba. Dokar VA, a sashe na 3.310, ta ce idan lahanin da aka riga aka amince aikin soja ne ya jawo shi ya haifar da wani ciwon, ko kuma ya tsananta shi, to shi ma na biyun ana biyan diyyarsa. Ba sai ka nuna ƙugun ya yi ciwo kana cikin kaki ba. Abu uku ake buƙata: shaidar likita cewa ciwon yana nan yanzu, lahanin farko da aka amince da shi, da ra'ayin likita da ya ƙulla alaƙa tsakaninsu. Biyun farko suna hannuna. Na ukun shi ne duk rigimar da ta biyo baya.

Kafin in tashi ya cike mini wata 'yar takarda, fom 21-0966, ta sanar da niyya. Amfaninta shi ne ta kama maka rana. Daga ranar da aka karɓe ta kana da shekara guda ka tattara hujjojinka, kuma in an amince da buƙatarka, daga waccan ranar za a fara lissafin kuɗinka. Ƙaramin fom ne, amma a ƙarshen tafiyar nan shi ya fi kowace takarda kawo mini kuɗi. Bayan 'yan watanni muka shigar da cikakkiyar buƙata a fom 21-526EZ, da hoton ƙashi da bayanan asibiti.

Sai aka kira ni gwajin da ake ce wa C&P, wato gwajin tantance diyya. Wanda zai duba ka ba likitanka ba ne, kuma ba magani zai ba ka ba. Aikinsa ya auna, ya cike takardar tambayoyi, ya faɗi ra'ayinsa. Yawancin irin wannan gwaji yanzu kamfanonin kwangila ake ba wa, ni ma wani ɗan ofishi aka tura ni a bayan gari. Mutumin ya kwantar da ni a gado, ya ɗauko ma'aunin kusurwa, wani abu mai hannu biyu da ake ɗorawa a kan gaɓa, ya ce in ɗaga cinya, in buɗe ta gefe. Ya tambayi nauyina da shekaruna. Ina son in yi masa bayanin yadda nake kwana bayan doguwar tafiya a mota, sai na ga ya riga ya koma kan kwamfutarsa. Ban gama ɗaura igiyar takalmi ba ya ce mun gama.

Takardar hukunci ta zo da amsar da nake tsoro: ba a amince ba. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, na shiga gida na ajiye ta a kan firji ban ce wa kowa komai ba. Uwargida ce ta gani da daddare. Ta ce, "Maigida, wannan shi ne ƙarshe, ko akwai gaba?" Na ce akwai, amma na gaji. Ta ce gajiyar ba za ta rage ciwon ba.

Da na koma wajen wakili, bai fara da shafin da ya ɓata mini rai ba. Ya buɗe ƙarshen takardar, inda aka jera abubuwan da aka amince da su a kaina. Tun da sabuwar dokar ɗaukaka ƙara ta 2017 ta fara aiki a ranar 19 ga Fabrairun 2019, dole kowace takardar hukunci ta faɗi waɗannan abubuwa, kuma da zarar an rubuta su, jami'in da zai duba gaba ba zai warware su ba sai da hujja bayyananniya. An amince ina da amosanin ƙugun hagu. An amince gwiwar dama ta aikin soja ce. Saura alaƙa kawai. Ya ce kada mu yi gardama da abin da ba mu gani ba, mu nemi fayil ɗina gaba ɗaya. Muka cike fom 20-10206, na jira, aka aiko mini da faifan CD mai shafuka fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Duk wanda aka hana shi, ina roƙonsa ya nemi wannan fayil ya zauna ya karanta. Takardar hukunci taƙaitawa ce kawai. Jami'in da ya yanke hukunci ba likita ba ne, abin da mai gwaji ya rubuta shi yake bi, don haka ainihin dalilin yana cikin rahoton gwajin. Nawa rahoton ya ce da wuya a ce gwiwa ce ta jawo ciwon ƙugu, shekaru da ƙiba ne, kuma babu inda na taɓa kukan ƙugu ina soja. Layi uku ke nan. A wajen tafiya ya rubuta cewa tafiyata daidai take, alhali daga kujera zuwa gado kawai ya ga na taka. A wajen tambayar ko ciwon yana da lokutan tashi, ya ce ba zai iya kimantawa ba tunda bai gani da idonsa ba.

Wakilin ya ja layi a wurare uku. Na farko, dokar ta yi maganar haifarwa da tsanantawa, rahoton kuwa haifarwa kaɗai ya taɓa. Tun a 1995, a shari'ar Allen, kotun tsofaffin sojoji ta tabbatar cewa tsanantawa ma hanya ce mai zaman kanta. Na biyu, a shari'ar Sharp ta 2017 kotun ta ce mai gwaji ba zai fake da cewa bai ga tashin ciwo ba. Dole ya tambayi mara lafiya yadda abin yake, sau nawa, tsawon wane lokaci, sannan ya kimanta. Na uku, shari'ar Correia ta 2016 ta ce a auna gaɓa mutum yana motsa ta da kansa, a auna ana motsa masa, a auna da nauyi a kanta da kuma ba nauyi. Ni a kwance kawai aka auna ni.

Wannan kotu, wadda hukunce-hukuncenta suka zama makamina, ba ta daɗe ba. A 1988 aka kafa ta. Kafin nan tsohon soja ba shi da kotun da zai kai ƙara in an hana shi, kuma tun zamanin yaƙin basasar Amurka har zuwa wannan shekarar doka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a irin wannan aiki, wanda hakan ya sa kusan babu lauyan da ke kusantarsa. Nakan tuna waɗanda suka dawo daga Biyetnam da ƙafafu a lalace suka tarar da wancan tsarin, in ji tausayinsu ya kama ni.

Hanyoyi uku ne a gaban wanda bai gamsu ba, kuma shekara guda yake da ita daga ranar da ke kan takardar hukunci in yana son ranarsa ta farko ta ci gaba da aiki. Akwai bitar babban jami'i, fom 20-0996, inda wani wanda ya fi ƙwarewa zai sake duba fayil ɗin yadda yake, ba a ƙara sabuwar hujja. Akwai ƙarin buƙata, fom 20-0995, wadda sharaɗinta shi ne ka kawo hujja sabuwa mai alaƙa da batun. Sai Hukumar Ɗaukaka Ƙara da ke Washinton, fom 10182, inda alƙali ne zai duba, amma layin can ya fi kowanne tsawo. Tunda kuskuren da muka gani yana cikin fayil ɗin ne, muka zaɓi ta farko, muka kuma nemi a kira mu a waya.

Kiran ya same ni a wurin ajiye manyan motoci, na kashe inji na saurara. Wakilina ne ya yi yawancin maganar. Bai ce ina shan wahala ba, bai ce na yi wa ƙasa hidima ba. Shafi kaza, layi kaza, ba a amsa tambayar tsanantawa ba. Shafi kaza, ba a kimanta tashin ciwo ba. Jami'ar ta saurara da natsuwa, ta tambaye ni ko ina da abin ƙari. Na ce ina son a kalli tafiyata kafin a rubuta yadda take. Bayan wani lokaci amsa ta zo cewa an gano gazawa a nauyin da ke kan ma'aikatar na taimaka wa mai buƙata tattara hujja, don haka an mayar da fayil a sake gwaji.

Gwaji na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba. Wata ma'aikaciyar lafiya ce, ta auna ni a kwance da tsaye, ta sa na maimaita kowane motsi sau uku, ta ce in gaya mata daidai inda ciwo ya fara, ba inda ƙarfin hali ya kai ni ba. Wannan magana tata tana da muhimmanci. Soja an koya masa ya cije, mu kuma a gida an tarbiyyantar da mu cewa namiji ba ya raki, in an tambaye ka jiki ka ce da sauƙi. Waɗannan halaye biyu in suka haɗu a ɗakin gwaji, sai mutum ya tura ƙafarsa har ƙarshe yana cizon leɓe, a rubuta masa lambar mai lafiya. Ba ƙarya ake so ka yi ba, kuma wanda ya ƙara gishiri suna ganewa. Gaskiyar ranar da ta fi muni ake so, tare da ta ranar da kake da dama-dama.

Duk da haka ra'ayinta a kan alaƙa bai zo yadda nake fata ba. Ta rubuta cewa a abin da ta karanta na likitanci, ciwon gaɓa ɗaya ba ya lalata ta ɗaya ƙafar sai in ɗingishin mai tsanani ne kuma ya daɗe, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ita kuma ba ta ga shaidar daɗewarsa a fayil ba. Aka sake hana ni. A wannan karon ban ji haushi irin na farko ba, domin ta faɗi dalilinta filla-filla, kuma dalilin ya nuna mini ƙofar. Likitoci da kansu sun saɓa a kan wannan batu, ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Abin da ya rage shi ne in nuna ɗingishin nawa ya daɗe kuma ba ƙarami ba ne.

Nan aikin ya koma hannuna. Na bi duk wuraren da na taɓa zuwa gashin ƙashi tun bayan barin soja, na karɓo bayanansu. A cikinsu, shekara bayan shekara, masu gashin sun rubuta cewa ina taƙaita taku a dama ina jingina a hagu. Ban taɓa sanin suna rubuta haka ba. Uwargida ta rubuta shaidarta a fom 21-10210, da kalmominta: tun yaushe ta san ni da wannan tafiya, yadda dunduniyar takalmina na hagu ke riga ta dama cinyewa, yadda take sa mini safa da asuba, daren da nake kwana a kujera. Wani abokin aikina da muka yi runduna ɗaya, wanda yana filin ranar da na faɗi, shi ma ya rubuta abin da ya gani a shekarun da suka biyo baya. Doka ta yarda da shaidar wanda ba likita ba a kan abin da ido ke iya gani. Matata ba za ta ce ina da amosanin gaɓa ba, amma za ta iya cewa ina ɗingishi, kuma babu wanda ya fi ta sani.

Na kwashi duk wannan, da rahotannin gwaji biyu, na kai wa likitar ƙashina. Na roƙe ta ta karanta, in ta ga alaƙa ta rubuta, in ba ta gani ba ta gaya mini in huta. Wasiƙar da ta rubuta shafi biyu ce. Ta faɗi takardun da ta duba, ta bayyana yadda mai ciwon gwiwa ke rage lokacin da yake tsayawa a kan ƙafar mai ciwo ya ɗora wa ɗayar, ta nuna shekarun da bayanan gashi suka tabbatar da hakan, ta kuma lura cewa ƙugun dama, mai shekaru ɗaya da na hagu kuma mai ɗauke da jiki ɗaya, bai zaizaye haka ba. Batun ƙiba ma ta amsa shi: gwiwar ce ta hana ni gudun da na saba, nauyi ya hau, nauyin ya ƙara wa ƙugu. Lauyoyin VA da kansu sun fitar da ra'ayi a 2017 cewa ƙiba tana iya zama tsani tsakanin lahanin soja da ciwon da ya biyo baya. Ta rufe da ma'aunin da doka ke nema, cewa yiwuwar gwiwa ce sanadi ta kai rabi ko ta fi.

Wannan ma'auni ya kamata kowa ya riƙe shi. Ba a neman tabbas daga tsohon soja. Idan hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke kansa suka yi kusan kunnen doki, doka ta ce shi za a ba. Muka shigar da ƙarin buƙata kafin shekara ta cika. Aka amince.

Da aka amince da alaƙa, sai magana ta koma kan kashi nawa, kuma a nan ne na gane ciwo ba shi ake biya ba, digiri ake biya. Lafiyayyen ƙugu yana lanƙwasawa gaba har digiri 125, yana buɗewa gefe har 45. A jadawalin VA, a ƙarƙashin lamba 5252, sai lanƙwasawar ta tsaya a digiri 45 kafin a ba da kashi 10. A 30 kashi 20. A 20 kashi 30. A 10 kashi 40. Mutumin da cinyarsa ba ta wuce digiri 45 ko zama a kujera daidai ba zai iya ba. A ganina wannan jadawali ya yi tsauri ƙwarai, domin mutum zai iya rasa sana'arsa tun bai kusanci waɗannan lambobi ba. Ni tawa ta wuce 45, amma akwai sashe na 4.59 da ya ce gaɓar da ke ciwo in an motsa ta ta cancanci aƙalla mafi ƙarancin kaso, sai aka ba ni 10. Lamba 5253 kuma tana duba wasu motsin daban: wanda ba ya iya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana da kashi 10, wanda buɗewar cinyarsa ba ta wuce digiri 10 yana da 20. Gwaji na biyu ya rubuta cewa ba na iya harɗe ƙafa, sai aka ba ni wani 10 ɗin daban.

Goma huɗu ke nan: gwiwa, kunne, ƙugu sau biyu. Lissafin VA ba tarawa ba ne. Kamar mai yanka kabewa ne, kowane yanka daga abin da ya rage ake cire shi. Goman farko ta bar 90, ta biyu ta ɗauki 9 ta zama 19, ta uku ta kai 27. Da a haka aka ɗora kunne, da 34 za a samu, a mayar da shi 30, domin a ƙarshe ana kai jimlar ga goma mafi kusa. Amma akwai sashe na 4.26: idan lahani ya shafi ƙafafu biyu, ana haɗa nasu tukuna, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu. Gwiwar dama da ƙugun hagu ƙafafu biyu ne. Sai 27 ta samu ƙarin 2.7, ta zama 30. Aka ɗora kunne ta zama 37. Aka cike ta zuwa 40. Na zauna da biro na bi lissafin da kaina har ya fito daidai da nasu, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka.

A farashin 2025, kashi 20 yana kawo kimanin dala 347 a wata, kashi 40 kuma kimanin dala 774 ga wanda ba shi da iyali, kuma ba a cire haraji. Daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya, sai na cike fom 21-686c na shigar da su. Tunda ban taɓa barin shekara ta wuce tsakanin hukunci da mataki na gaba ba, aka koma har ranar waccan 'yar takardar niyya aka biya ni ariyas a dunƙule. Na biya bashin da ya taru lokacin da na rage tafiye-tafiye masu nisa, na aika wa mahaifiyata nata.

A tsakiyar wannan tafiya wasu kamfanoni sun yi ta kira na suna cewa za su kai ni kashi 100 in na yarda su ɗauki ƙarin da zan samu na watanni da dama. Ban saurare su ba, kuma ina jin ciwon yadda suke farautar mutanen da suka gaji. Doka ta ce wanda VA ta tantance kaɗai zai wakilci tsohon soja, ba a cajin kuɗi a kan buƙatar farko, kuma lauyan da aka tantance sai bayan hukuncin farko yake iya karɓar lada, galibi kashi 20 na ariyas. Haka kuma ina jin ciwon 'yan'uwanmu da suka yi wannan aiki, 'yan Najeriya da Nijar da Gana, da suke ganin neman diyya kamar roƙo ne ko rashin godiya ga ƙasar da ta karɓe su. Yarjejeniya ce. Ka ba da jikinka, an yi alkawarin in ya lalace za a biya.

Ban tsaya a nan ba. Rahoton gwaji na biyu ya rubuta abin da na faɗa game da ranakun da ciwon ke tashi, amma bai mayar da shi digiri ba, kuma a irin waɗannan ranaku cinyata ba ta ɗaguwa ko rabin yadda aka auna. Don haka muka kai batun kason ƙugu gaban Hukumar Ɗaukaka Ƙara. Can ma layi uku ne: a duba fayil yadda yake, ko a ba ka kwana 90 ka ƙara hujja, ko ka nemi zama da alƙali, wanda shi ya fi daɗewa. Na zaɓi na tsakiya, na aika da littafin da nake rubuta ranakun tashin ciwo da abin da ya gagare ni a kowace rana, tare da ƙarin bayani daga likitata. In hukuncin bai yi mini ba, ina da kwana 120 in wuce kotu.

Likitar ta riga ta gaya mini cewa ƙarshenta sai an canza gaɓar, tana dai son a ja lokaci saboda shekaruna. Na karanta abin da lamba 5054 ta tanada: tun daga 7 ga Fabrairun 2021, bayan watan jinya na farko ana biyan kashi 100 na wata huɗu, a da shekara guda ce, sannan a sake gwaji, kuma kason cikakken canjin ƙugu ba ya sauka ƙasa da 30. Tunda an riga an amince ƙugun na aikin soja ne, ranar da aka yi aikin ba sai na sake kafa hujjar alaƙa ba. Rahoton tiyata ne hujjar da zan aika. Fayil ɗin Hukumar kuma yana kan layi, ina duba shi a intanet lokaci-lokaci.